Sufabaiza ya ce makaranta ɗaya ta yi kaɗan, wai kes stadi ba bincike ba ne?

Ɗalibar Masta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah masu ilimin bincike ku taimaka min, wallahi kwana uku kenan kaina a ɗaure yake. Ina masta ne a fannin gudanar da harkar ilimi, kuma abin da nake so in yi aiki a kai wata makarantar sakandare ce guda ɗaya, wato kes stadi, nazari mai zurfi a kan misali ɗaya. Makarantar nan a da an santa da fashin ɗalibai, yaro ya zo Litinin ba za a ƙara ganinsa ba sai Alhamis, wasu kuma da an fita tara shikenan sun sulale. To cikin shekara uku abin ya canza sosai, aji a cike har a tashi, kuma ba a ƙara musu kuɗi ba, ba a gina sabbin azuzuwa ba, malaman ma kusan su ne dai na da. Ni abin da ya tsaya min a rai shi ne yaya aka yi, don ruwa ba ya tsami banza.

Na rubuta furofozal, wato tsarin binciken da nake son yi, na kai wa sufabaiza ɗina, malamin da ke duba aikina, ya dawo min da shi da jan biro a shafin farko, wai makaranta ɗaya? ina samfur ɗinki, wato makarantun da za ki ɗauka su wakilci saura? ta yaya za ki ce sakamakon ya shafi sauran makarantu? Ya ce in ɗauki makarantu goma in raba takardar tambayoyi, in zuba amsoshin a manhajar lissafi ta SPSS, a fito da teburi a wuce wajen.

Matsalar ita ce na riga na yi kusan wata biyu ina zuwa makarantar, kuma na ga abubuwan da na tabbata takardar tambayoyi ba za ta kamo su ba. Misali mai gadin ƙofa yana da wani tsohon littafi nasa na kansa, ba wanda ya sa shi, duk yaron da ya makara sai ya rubuta sunansa da lokacin da ya shigo, kuma kusan duk yaran da suna yake kiransu, in bai ga yaro kwana biyu ba sai ya tambayi abokansa ina wane. Ta yaya zan sa wannan a cikin "na yarda sosai, na yarda, ban yarda ba"?

To tambayata, shin ana karɓar kes stadi a matsayin bincike na gaske ko kuwa hanyar kauce wa wahala ce kamar yadda wasu 'yan ajinmu ke cewa? In ana karɓa, da me zan kare kaina? Ba na so in yi jayayya da malamina, mutum ne mai kirki kuma ya san aikinsa, amma kuma ba na so in saki wannan aikin.

Tsohon Lakcara:

Wa alaikumus salam 'yata. Ki kwantar da hankalinki, ana karɓa, amma bari in fara da gaya miki dalilin da ya sa malamai da yawa ke jin haushin kalmar. Na duba kundaye masu ɗimbin yawa da aka rubuta a jikinsu wai kes stadi na ma'aikata kaza, in ka buɗe ciki sai ka tarar takardar tambayoyi ce kawai aka raba wa mutum hamsin a wuri ɗaya saboda nan ne kusa da mai binciken. Wannan ba kes stadi ba ne, ƙaramin sabe ne, wato binciken tattara amsoshin mutane da yawa, da bai cika ba. To duk malamin da ya sha ganin irin wannan, da ya ga "makaranta ɗaya" abin da zai zo masa a rai kenan. Inaga sufabaiza ɗinki ba ƙin aikin yake ba, furofozal ɗin ne bai nuna masa cewa naki daban ba ne.

Tambayar da ya yi miki ta samfur, tambaya ce ta masu ƙirga. In kina son ki san kashi nawa cikin ɗari na ɗalibai ke fashi a makarantu, to lalle sai samfur mai yawa, makaranta ɗaya ba za ta gaya miki komai ba. Amma ke ba nawa kike tambaya ba, yaya da don me kike tambaya. Robert Yin, wanda littafinsa kan wannan hanya ya fara fitowa a 1984 kuma har yau shi aka fi kafa hujja da shi, nan ya ja layi: kes stadi ya dace ne inda tambayar ta yaya ce ko don me, inda mai bincike ba shi da ikon juya abin da ke faruwa kamar yadda ake yi a ɗakin gwaji, kuma abin a cakuɗe yake da muhallinsa ba a iya zare shi. Ya kuma ce abin da aka gano ba a kan sauran jama'a ake ɗora shi kai tsaye ba, a kan ra'i ake ɗora shi. Wato ba za ki ce tunda ya yi a nan to haka yake a ko'ina ba, za ki ce ga wani bayani da masana suka daɗe suna yi kan fashin ɗalibai, ga abin da wannan makaranta ta nuna game da bayanin, ta ƙarfafa shi ko ta gyara shi ko ta karya shi.

Bari in ba ki misalin da nake ba ɗalibaina. A 1953 an yi wa wani matashi ɗan Amurka mai shekara 27 tiyata a ƙwaƙwalwa saboda farfaɗiya, aka cire wani sashe ta ɓangarorin biyu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar ya daina iya riƙe sabon abu a kansa, ku gaisa yanzu ki fita ki dawo ya manta ya taɓa ganinki. A rubuce-rubuce H.M. ake kiransa har ya rasu a 2008. Brenda Milner ta sa shi ya riƙa bin zanen tauraro da fensir yana kallon hannunsa ta madubi, abu mai wuya, kullum hannunsa na ƙara ƙwarewa, amma kullum sai ya ce bai taɓa yin wannan aikin ba. Mutum ɗaya ne fa tak. Amma shi kaɗai ya isa ya nuna cewa tunawa ba abu ɗaya ba ce, wurin da ke riƙe abin da ya faru daban, wurin da ke riƙe ƙwarewar hannu daban. Ba wanda ya ce a kawo irinsa ɗari uku kafin a saurara, saboda abin da ya karya zato ne na cewa duk abu ɗaya ne, kuma misali ɗaya mai ƙarfi ya isa ya karya irin wannan zato.

Na biyu ya ma fi kusa da naki. A shekarun 1960 ana ta cewa a Ingila leburorin masana'anta da albashinsu ya yi kauri sun fara komawa masu matsakaicin hali a tunani da mu'amala da siyasa. John Goldthorpe da abokan aikinsa ba su zagaye ƙasar ba, garin Luton suka zaɓa da gangan, inda ake da kamfanin motoci na Vauxhall da albashi mai kyau, suka ce in har maganar nan gaskiya ce to a nan ya fi kamata a ganta. Suka duba, ba su ga abin yadda ake faɗa ba. Kinga ƙarfin aikin daga zaɓen wurin ya fito, in bai faru a inda ya fi sauƙin faruwa ba to da wuya ya faru a wani wuri.

Saboda haka tambayar da nake so ki zauna da ita yau da dare ita ce, makarantar nan misalin me ce? Ni daga abin da kika rubuta, misali ce ta wurin da aka samu gyara ba tare da ƙarin kuɗi ko gini ba, alhali yawancin bayanin da ake yi kan fashi a kan rashin kayan aiki da halin gida ake ɗora shi. In haka ne to makarantarki ta saɓa wa abin da ake tsammani, kuma wannan shi ne hujjarki ta zaɓenta. Ki rubuta shi a shafi ɗaya ƙarara. Akwai kuma wata maƙala ta Bent Flyvbjerg ta 2006 da ya bi kurakurai biyar da mutane ke yi wajen fahimtar kes stadi, ɗaya daga ciki ita ce daidai tambayar malaminki, ki nemo ta ki karanta kafin ki koma.

Mai Lissafi:

Malam Allah ya ƙara ilimi, duk abin da ka faɗa haka yake, amma dan Allah a bar ni in kawo ɗaya ɓangaren don kada 'yar'uwa ta je difens, wato zaman kare kundinta, a yi mata tambayar da ba ta shirya mata ba. Ni fannina ƙididdiga ne kuma gaskiya abin da ke damuna da aikinki shi ne kin zaɓi makarantar ne saboda ta yi nasara. Yanzu duk abin da kika gani a cikinta zuciyarki za ta ce shi ne sirrin. Mai gadin nan da littafinsa, wa ya ce babu irinsa a wata makarantar da har yanzu yara ke guduwa? In akwai to ba shi ba ne dalili, ko kuma ba shi kaɗai ba ne, kuma ba yadda za ki sani in ba ki leƙa ba.

Barbara Geddes ta yi rubutu a kan wannan a 1990. Wasu masana sun duba ƙasashen da tattalin arzikinsu ya yi saurin bunƙasa irin su Koriya ta Kudu da Taiwan, suka ga duk suna danne ƙungiyoyin ƙwadago, sai suka ce ai danniyar ce ta kawo bunƙasar. Da Geddes ta faɗaɗa ta haɗa da ƙasashen da ba su bunƙasa ba sai ga shi da yawa su ma suna danniyar, dangantakar ta watse. Kallon waɗanda suka ci kaɗai ne ya yaudare su.

Sannan misali kaɗan yana iya yin ɓarna babba in aka ɗora masa nauyin da ya fi ƙarfinsa. A 1998 mujallar Lancet ta buga rahoton Andrew Wakefield a kan yara 12, aka yi ta yayata cewa wata allurar rigakafin ƙyanda na jawo lalurar otizim, wadda ke shafar magana da mu'amalar yaro. Manyan bincike da aka yi daga baya a kan yara masu ɗimbin yawa ba su ga wata alaƙa ba, an gano akwai maguɗi a aikin, mujallar ta janye shi a 2010 kuma aka soke lasisinsa, amma kafin nan iyaye da yawa sun hana a yi wa 'ya'yansu allurar. Don adalci, a ranar 5 ga Yuni 1981 ma rahoto ne a kan maza biyar kacal a Los Angeles masu wani irin ciwon huhu da ba a saba gani ba ya fara jawo hankalin duniya ga ƙanjamau. Bambancin shi ne su waɗannan cewa suka yi ga wani abu baƙo a bincika, ba su ce mun gano sanadi ba.

Abu na ƙarshe, kin tabbata fashin ya ragu da gaske? Wa ke cika rajista? In sabon shugaba ya zo ya fara faɗa a kan fashi, malami na iya fara yi wa kowa alamar ya zo don a zauna lafiya. Kuma in shekarar da kike kwatantawa da ita ita ce mafi muni a tarihinsu, to ko ba a yi komai ba akwai yiwuwar abin ya ɗan dawo daidai da kansa.

Ɗalibar Masta:

Kai, wannan ta rajista ta taɓa ni, don gaskiya abin da shugaban makarantar ya faɗa min da abin da na gani da idona kawai na dogara da su, ban nemi rajistar shekarun baya ba. Na gode ɗan'uwa. Malam ni kuma na gane inda na yi sake, a furofozal ɗin dalilin da na bayar na zaɓen makarantar layi biyu ne kawai, na ce ta shahara kuma zan samu sauƙin shiga. Yanzu da na sake karantawa ko ni ce malamin zan ja jan biro. To amma in ƙara makaranta ta biyu ne, ko in tsaya a ɗayar? Lokacin da ya rage min bai kai shekara ba.

Malama Mai Digirgir:

Ƙanwata ni da kes stadi na yi digirina na uku, a kan wani asibiti guda, don haka bari in gaya miki abin da ke jiranki a fili. Duk wanda ya ce miki hanyar sauƙi ce bai yi ba. Hira ta awa ɗaya sai ta ci min yini guda ina sauraro ina rubutawa, in mayar baya in sake ji, kuma ina da su fiye da ashirin, ga takardu kwali guda.

Abin da ya cece ni ranar difens shi ne ban taɓa yarda da magana daga baki ɗaya ba. Shugabar sashen da na yi aiki a kai ta ce min suna taron bita duk mako ba fashi, ta faɗa da gaskiyarta kuma na yarda haka take gani. Da na karɓi littafin da ake rubuta bayanin taro na bi kwanan wata ɗaya bayan ɗaya da yatsa, sai na ga akwai wata biyu cur da ba a zauna ba, kuma daidai lokacin ne matsalar da nake bincike a kai ta dawo. Wannan giɓin shi ya zama ƙashin bayan babi na huɗu gaba ɗaya. Da takardar tambayoyi na raba, da kowa ya zaɓi "ana taro duk mako" an wuce wajen.

To ke kinga kina da abin da ya fi nawa ma. Rajistar aji ɗaya ce, littafin mai gadi na biyu, kuma shi ba don ya faranta wa shugaba yake rubutawa ba, ki ajiye su gefe da gefe ki ga ko suna faɗin abu ɗaya. Na uku ki shiga aji da kanki bayan tara ki ƙirga kawuna a ranakun da ba su san za ki zo ba. Sakamakon jarrabawa ma zai nuna miki yara nawa suka zauna kowane zango. In duk suka nuna hanya ɗaya to maganar ɗan'uwa Mai Lissafi ta samu amsa, in suka saɓa kuma kin samu abin rubutawa.

Ki kuma jera duk wani bayani da zai iya kayar da naki ki bi su ɗaya ɗaya. Ko an kori masu fashin ne shi ya sa aji ya yi kyau? Ko wata makaranta aka buɗe kusa ta kwashe masu zuwa daga nesa? Ko an canza lokacin shiga? Ki tambayi yaran da suka daina zuwa gaba ɗaya in za ki same su, don waɗanda ke cikin aji labarin masu zuwa kawai za su ba ki. Estana ɗina, wato mai jarrabawar da aka kawo daga wata jami'a, tambayarsa ta farko ita ce me kika nema wanda da kin same shi da ya rusa bayaninki, kuma da yake na yi wannan aikin sai na buɗe masa shafin.

Sai iyaka. Ki yanke tun yanzu daga wace shekara zuwa wace, kuma makarantar ce abin nazarin ko tsarin kula da zuwan ɗalibai a cikinta, in ba haka ba komai sai ya ba ki sha'awa ki tara abin da ba za ki iya gamawa ba. Ni sai da na zubar da kusan babi guda saboda wannan, ya yi min ciwo sosai.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, sirrin mutane. A wuri ɗaya canza suna ba ya ɓoye kowa, mai gadi ɗaya ne, shugaba ɗaya ne, duk wanda ya san makarantar zai gane wa ya faɗi me. In wani malami ya gaya miki abin da zai iya jawo masa matsala, ki yi tunani sosai kafin ki sa shi yadda ya faɗa, ki koma ki karanta masa abin da kika rubuta ya amince. Yaran kuma ƙanana ne, sai da izinin iyaye da na kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arku kafin ki yi hira da ko ɗaya, kuma sunayen da ke littafin mai gadi kada su fita daga hannunki.

Tsohon Lakcara:

Malama ta gama magana. A kan tambayarki ta makaranta ta biyu, in da lokaci ne zan ce ki ƙara, amma ba don yawa ba. Biyu ba ta fi ɗaya zama samfur ba. Amfaninta shi ne kwatance, ki samo wadda ta yi kama da taki a girma da irin ɗalibai da kayan aiki amma har yanzu ana fashi, sai ki duba ko abubuwan da kike zaton su ne sirrin akwai su a can. Ba sai kin zurfafa a cikinta kamar ta farko ba, mako uku ko huɗu na iya isa ki amsa wannan tambaya guda. Za ki ga wasu na kafa hujja da Kathleen Eisenhardt da ta ce a 1989 misali huɗu zuwa goma ya fi dacewa, amma ita tana magana ne a kan mai son gina sabon ra'i ta hanyar kwatanta kamfanoni, kada wani ya ɗaure ki da wannan adadin a masta mai wata goma. Kuma in kin koma wurin malaminki kada ki je da sunayen Turawa kina kare kanki, ki je da shafi biyu, ɗaya na dalilin zaɓen makarantar, ɗaya na inda za ki samo bayanai da abin da ba za ki yi iƙirari ba. Ki nemi shawararsa a kan makarantar kwatancen, shi ma ya sa hannu a ginin.

Ɗalibar Masta:

Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya, wallahi na samu haske. Na kira makarantar ɗazu, mataimakin shugaba ya ce rajistar shekarun baya na nan a sito amma ta aji biyu ruwa ya taɓa ta, zan je Litinin in ga abin da ake iya karantawa, in kuma tambayi baba mai gadi ko tsofaffin littattafansa na nan, don wanda na gani na bana ne kawai. Na fara sake rubuta dalilin zaɓen, kuma na cire inda na ce sakamakon zai shafi duk makarantun sakandare. Malama dan Allah in ba damuwa, yaya kika tsara teburin da kika jera bayanan da za su iya kayar da naki, a babi na uku kika sa shi ko sai a na huɗu?